Maki Biyu na Fuska

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe goma da rabi, ɗakin malamai

Kusan kowa ya ɗauka ƙurajen fuska ƙazanta ce. In an ga yarinya da su, maganar farko ita ce ta je ta wanke fuska, kamar ba ta san hanyar famfo ba. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da ilimin halittu a makarantar 'yan matan nan, kowane zango sai na zana fata a allo na ce musu ba datti ba ne. Su kwafa a littafi, su ci jarrabawa, su fita waje su ce wa ƙawarsu ta riƙa wanka. Na gaji.

Ajinmu ya sake cin tutar tsafta yau, karo na uku a jere. Malamar tsafta, wadda yara ke kira Jan Biro, ta bi layi a taron safe da takardarta kamar kowace Litinin: farce, haƙora, safa, takalmi, hijabi, fuska, kowanne maki biyu. Mu muka fi maki, tuta ta zauna a ƙofarmu, an ɗauke mana wankin banɗaki na mako. Yarana sun yi ta tsalle. Ni ma na yi tafi.

Ina zaune yanzu malamin sinadarai ya shigo da rajista a hammata.

"Malama, 'yar ajinki mai gardamar nan, lafiya kuwa? Litinin uku ke nan ban gan ta a ɗakin gwaji ba."

Lauya yake nufi. Haka 'yan aji suke kiran ta, don ko littafi ta karanta sai ta yi masa gardama.

"Kin san doka," in ji shi. "In ta cika fashi biyar, sunanta ya fita daga jarrabawar ƙarshe. Ba ni zan cire ba, biro ne kawai a hannuna."

Yarinyar da ta fi kowa a ajin. Saura biyu.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe ɗaya

Ta zo. Ta koma kujerar baya, ta jawo hijabi har kan gira, ta ɗago shi har leɓe. Idanu kawai ake gani.

Na ce, "'Yata, jiya fa?"

"Ciwon kai, Malama."

"Wane irin ciwon kai ne wannan da ya san kalanda?"

Na jira gardama. Ba ta zo ba. Ta sunkuyar da kai tana wasa da murfin biro. Wannan shirun ya fi komai tayar mini da hankali.

Laraba, 5 ga wata, da rana

Na yi kuskure a allo da gangan. Ba ta gyara mini ba.

Alhamis, 6 ga wata, bayan an tashi

Na tsare ta a ƙofa, na kai ta ɗakin shan magani wajen Sista. Da ƙyar ta yarda ta ja hijabin baya. Goshi da kumatu da haɓa duk sun cika, wasu sun yi kai fari, wasu sun bar baƙin tabo. Amma ba ƙurajen ne suka sa na riƙe baki ba, fatar da ke tsakaninsu ce: ta bushe, ta tsattsage, tana ɓarewa.

Sista ta ce, "Ke, da me kike wanke fuskar nan? Da yashi?"

Da soso ne, da sabulun wanki, sau biyar a rana. Da yamma man goge baki. Ran Asabar lemon tsami da gishiri. Sannan wani mai a kwalba marar suna da gwaggonta ta kawo, wanda ya kwantar da su kwana goma, suka dawo da 'yan'uwansu.

"To ai fuska ce, ba tukunya ba," in ji Sista.

Na karɓi bayanin daga bakinta, don ba na iya ganin allo ko takarda in ƙyale. Na zana mata ƙofar gashi guda ɗaya. Na ce a ƙarƙashinta akwai 'yar jakar da ke yin maiƙo don kada fata ta bushe. In mutum ya fara girma, sinadaran jikinsa su sa jakar ta ninka aiki. Maiƙon ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofar daga ciki, ƙwayoyin cutar da dama can suna zaune a fatar kowa su sami abinci, wurin ya kumbura. Daga ciki, na ce. Soso ba ya kaiwa can, sai dai ya ƙara fusata wurin. Baƙin ɗigon da take gani a hanci ma ba ƙasa ba ce, toshiyar ce iska ta taɓa ta yi duhu.

"Na sani, Malama. Na ci tara cikin goma a wannan."

Ta sani! To me ya sa?

Sista ta karɓe kwalbar gwaggo ta jefa a kwandon shara. Ta ce irin waɗannan haɗe-haɗen sau da yawa akwai maganin da ke danne kumburi na ɗan lokaci, ya sa fata ta yi sirara, ƙuraje su ƙaru. Ta ce sabulu mai laushi, tafin hannu kawai, safe da yamma. Ba matsa, ba tsokana, don matsar ce ke barin tabo. A daina kai man kitso goshi. In fatar ta huce bayan kwana uku, ta fara shafa man benzoyil, kaɗan, da yamma. Sati shida zuwa takwas kafin a ga canji, in kuma ba a gani ba, sai likita.

Na fito da murnata. Na ɗauka na gama aiki.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe huɗu

Na je shagon ɗinkin mahaifiyarta. Mace mai fara'a, fil uku a baki, tana magana ba su faɗi ba.

"Malama, wallahi na yi iya yina. Na hana ta gyaɗa, na hana ta ƙwai, na hana ta soye-soye. Yarinya ta koma kamar tsinken tsintsiya, ƙuraje ko a jikinsu."

Na ce ta mayar mata da abincinta. Wasu in suka rage zaƙi suna ganin sauƙi, amma ba gyaɗa ta kawo wannan ba.

"Maƙwabciyata ta ce jini ne ya yi mata yawa."

"Maƙwabciyar ta auna?"

Ta yi dariya har fil ɗaya ya faɗi. Sannan ta ce, "Ni ma fa haka na yi a shekarunta. Babanta ma."

Na ce to ga amsa nan a cikin gida, abin yana bin dangi. Na gaya mata maganar fashi. Ta ce duk Litinin yarinyar takan tashi, ta yi wanka, ta sa kayan makaranta, sai ta zauna a bakin gado ta ce kanta na ciwo. Ta yi mini alkawarin jibi da kanta za ta turo ta.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe takwas da kwata

Ba ta zo ba. Huɗu. Tuta tana ƙofarmu.

Litinin ɗin dai, ƙarfe biyu

Na riƙe Monita, shugabar 'yan ajin, bayan an fita hutun tara. Yarinya ce mai kirki, mai son a yabe ta, ba ta iya ƙarya ba, kunnenta take ja in za ta yi. Ta ja shi sau biyu sannan ta fashe da kuka.

"Malama, wallahi ba korar ta muka yi ba. Roƙon ta muka yi."

Ashe tun farkon zango Jan Biro tana cire mata maki biyun fuska, ta kuma tura ta famfon tsakar makaranta ta wanke a gaban kowa. Da maki biyun nan ajin kusa da mu yake doke mu. Sai 'yan aji suka zauna suka yi shawara: Lauya ta riƙa hutawa ran Litinin, su kwafa mata darasi. Har jadawalin masu kwafar suka yi! Da rula! Yau mahaifiyarta ta rako ta har bakin titi, ta hango Monita a ƙofa, ta juya.

Na yi faɗa. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Na ce ina tausayi, ina abin da na koya muku?

Monita ta share hanci, ta faɗi wata magana. Ba zan rubuta ta ba.

Talata, 11 ga wata, da safe

Na sami Jan Biro tana feƙe fensir. Na fara a hankali, na ce ƙanwata, ƙuraje ba datti ba ne. Na jawo takarda zan yi zane.

"Yaya, don Allah kada ki zana mini fatar nan, na gan ta sau uku. Ni takarda aka ba ni. An ce fuska, na duba fuska. In ta yi sumul maki biyu, in ba ta yi ba, famfo."

"Wa ya ce miki haka ake yi?"

Ta ɗago ta dube ni, ba da rashin kunya ba, da mamaki.

"Ai a hannunki na karɓi aikin. Sati biyu ina bin ki a baya ina kallo."

Na ce ina da aji. Ba ni da aji.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe biyar

To, bari in rubuta, tunda littafin nawa ne.

Ni na ƙirƙiro gasar nan shekara tara da suka wuce. Ni na tsara takardar, ni na sayo yadin tutar. Ina sabuwar malama mai zafin nama, na san darasin fata a ka, amma da na tsaya a gaban layi sai na yi abin da aka yi mini ina 'yar shekara sha biyar, ban ko lura ba. Yara nawa na tura famfon nan? Ban ƙirga ba.

Abin da Monita ta ce kuwa shi ne: "Ke kika ce kada tutar nan ta kuskura ta bar ƙofarmu." Na faɗa. Ina dariya na faɗa. Litinin uku ina tafi, ban tambayi wa ya rage a layi ba.

Baban yara ya ga na tasa shayi a gaba har ya huce. Ya ce, "Malama, yau wa ya faɗi jarrabawa?" Na ce ya ƙyale ni.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya

Ofishin Shugaba. Na shirya bayani shafi biyu.

"Ranki ya daɗe, layi ɗaya kawai za a soke a takardar gasa, na fuska."

"Malama, ba a canza dokar gasa ana tsakiyarta. Gobe wata ta zo ta ce a soke safa. Ki kawo shi taron ƙarshen zango."

"Kafin ƙarshen zango an cire sunan yarinyar."

"To ta zo makaranta mana. Wa ya hana ta?"

Wa ya hana ta. Na naɗe shafi biyuna na fito. A bakin ƙofa ta ƙara da cewa ita ma 'yar autarta tana fama da su, me ake shafawa? Na tsaya na gaya mata. Har da zane.

Juma'a, 14 ga wata, bayan darasi na uku

Na tsaya a gaban aji na ce na yi kuskure, tuta ƙyalle ce, in ta tafi ta tafi. Wata daga baya ta ce, "Malama, banɗakin fa ba ƙyalle ba ne." Aka kwashe da dariya. Gaskiyarta.

Na ce duk makon da muka faɗi, da ni za a wanke.

Lauya ta ce za ta zo. Ba ta dube ni ba, amma ta ce za ta zo.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe tara

Ta zo. Ina ma a ce na duba ta kafin a shiga layi.

Man benzoyil yana cin launin tufa. Na sani, Sista ta sani, babu wadda ta tuna ta gaya mata. Gefen hijabinta mai ruwan bula, daidai inda yake taɓa kumatu, ya yi fari-fari kamar an ɗiga masa ruwan bilic. Jan Biro ta tsaya a kanta: fuska sifiri, hijabi sifiri. Maki huɗu sun tafi. Famfo.

Makaranta guda tana kallo. Ta durƙusa ta wanke, ta dawo ruwa na ɗiga a haɓarta. Na buɗe baki, Shugaba ta ɗaga mini hannu daga kan dakali. Na rufe. Na rufe!

An cire tutar daga ƙofarmu. Amma ta shiga ɗakin gwaji, malamin sinadarai ya nuna mini rajista daga nesa. Har yanzu huɗu.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe uku

Na ɗaure zane a kan rigata na ɗauki tsintsiya. Banɗaki takwas. Ban san haka suke ba. Shekara tara ina ba da wannan a matsayin hukunci, ban taɓa leƙawa ba.

"Malama, ba haka ake riƙe buroshi ba, za ki fantsama wa kanki."

Na riga na fantsama.

Sun yi ta dariya, amma babu wadda ta yi wa Lauya magana. Ita kaɗai ta wanke na ƙarshe, mafi muni, ba wanda ya sa ta.

Daga nan na kai ta wajen Sista. Fuskar ta bushe, tana ɗan zafi, sababbi uku sun fito a goshi. Ta ce maganin ba ya aiki. Sista ta ce kwana goma ne fa, haka yake farawa. Ta riƙa tsallake rana, ta shafa mai marar maiƙo a kai, ta wanke hannu bayan ta gama, ta sa farar rigar matashi, da safe ta wanke fuska kafin ta sa hijabi.

"Haƙuri, 'yammata. Sati takwas na ce."

"Sista, Litinin ba ta jiran sati takwas."



Alhamis, 20 ga wata, da rana

Ba datti ba ne. Ba datti ba ne. Na faɗa wa malamai huɗu yau. Ɗaya ya ce a gwada toka.

Juma'a, 21 ga wata, bayan an tashi

Lauya ta zo teburina da kanta ta ce ran Litinin ba za ta zo ba, a cire sunan, za ta koyi ɗinki.

Na ce, "'Yata, a kan ƙuraje? Abin da zai wuce?"

"Ba a kan ƙuraje ba, Malama. A kan famfo."

Na fara: ai kin san ba datti...

"Kin faɗa. Kin faɗa a aji, kin faɗa wajen Sista, kin faɗa wa Mama. Amma faɗa kawai kika yi. Ke kika koya mana cewa abin da ba a gwada an gani ba, labari ne. To su labarinsu suke bayarwa, ke ma naki, kuma su ke riƙe da biro."

Raina ya ɓaci, kuma wani daɗi ya kama ni a lokaci guda: sati nawa rabon da ta yi gardama! Na ce to ya za a gwada? Ta ce ita ma ba ta sani ba, ai ni ce malama. Ta ɗauki jakarta.

Lahadi, 23 ga wata, da la'asar

Na buɗe littattafai uku. Duk sun yarda da ni. Babu wanda zai tsaya a layi gobe.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe goma



Na iso da wuri na tsaya a ƙofa. Ƙarfe bakwai da rabi babu ita. Aka buga ƙararrawa babu ita. An fara jera layi sai ga ta, da sabon hijabi, ta wuce ni da gaisuwa ta shiga tsakiyar layi, ba baya ba. Monita ta matsa mata.

Jan Biro ta iso kanta, ta duba, ta nuna famfo da gindin biro. Na riga na ɗaga ƙafa, na rantse yau ko Shugaba ta ɗaga hannu biyu sai na yi magana. Lauya ta riga ni.

"Malama, don Allah kafin in je." Ta zaro wani farin ƙyalle daga aljihu, ragowar yadi daga shagon mahaifiyarta, an ninke shi huɗu. "Ki goga a fuskata da hannunki. In ya ɗauko datti, in je famfo, kuma kullum zan je. A hankali dai, Malama, akwai zafi."

Har ajin ƙarshe sun ji.

Jan Biro ta dubi Shugaba. Shugaba ta dubi sama. Sai ta saƙale biron a kunne ta karɓa. Ta goga goshi, ta duba. Ta goga kumatu, ta duba. Ta juya ƙyallen ta goga haɓa. Wata ƙaramar yarinya daga ajin farko ta ce da ƙarfi, "Fari ne!" aka ce mata shhh.

Jan Biro ta daɗe tana kallon takardarta. Ni dai ban ga abin da ta rubuta ba sai daga baya: maki ɗaya. Ɗaya! Wai na rabin hanya. Haushi ya kusa kashe ni. Amma ba ta sake nuna famfo ba. Ta ce, "Koma layinki," ta wuce ta gaba, wadda ita ma akwai biyu a goshinta, ba ta ce mata komai ba.

Tuta ta tafi wani ajin, takalman mutum uku ne suka kayar da mu. Banɗaki takwas suna jirana ran Laraba. Layin fuska yana nan a takarda har ƙarshen zango, ƙurajen ma suna nan, saura sati biyar ko shida. Ta tagar ɗakin gwaji na hango ta tana gaya wa malamin sinadarai cewa ma'auninsa ya karkace. Ya dubo ni ya riƙe kai. Sunanta yana rajista.

Ƙyallen a teburina Jan Biro ta bar shi. Da ɗakin ya watse na ɗauka, na sami gefen da ba a taɓa ba, na goga a kumatuna. Ya fito ja-ja da hoda, wadda nake shafawa don rufe ramukan da na tono wa kaina da farce ina 'yar makaranta.

Na ajiye shi a kan teburin tsakiya, kusa da butar shayi. Malamin da ya ce a gwada toka ya shigo yanzu yana tambaya na mene ne. Na ce ya ɗauka ya goga a goshinsa, mu gani.